Ruwan da ya ƙi daskarewa cikin tsananin sanyi: tambayoyi da amsoshi

Yawancin tambayoyin nan daga bakin masu sana'ar ƙanƙara da ruwan leda da zoɓo suka fito, a Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena, musamman idan bazara ta kankama ko azumi ya kama, lokacin da ƙanƙara ke tsada. Wasu kuma na ɗalibai ne da aka koya wa cewa ruwa na daskarewa a digiri sifili, sai suka ga akasin haka a firizar gidansu. Duk digirin da aka ambata a nan na ma'aunin Selsiyos ne, wanda muke aiki da shi a Kamaru da Chadi.

1. Malam, na ciro gora daga firiza da ruwanta tsararo, ina buɗe ta sai ta zama ƙanƙara a hannuna. Me ya faru?

Tun yana cikin firiza ruwan ya riga ya sauka ƙasa da sifili, wataƙila da digiri 5 ko 8, amma bai sami inda zai fara daskarewa ba. Girgizar da gorar ta sha a hannunka, ko kumfar da ta taso lokacin da ka murɗe murfi, ita ta ba shi mafari. Da zarar ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta samu, sauran ruwan sai ya bi ta, cikin 'yan daƙiƙoƙi fari ya mamaye gorar.

Abin sananne ne tun da daɗewa. Daniel Fahrenheit, wanda ma'aunin zafi na Amurka ke ɗauke da sunansa, ya ba da rahotonsa a 1724, bayan ya ga ruwan da ya rufe cikin ƙananan kwalabe ya ƙi daskarewa a sanyin hunturun Turai har sai da ya buɗe su.

2. Akwai wani abu da aka zuba a ruwan ne? Ana iya shansa?

A sha shi hankali kwance. Ba asiri a ciki, ba kuma wani magani da masu ɗura ruwan suka ƙara. Hasali ma ruwan da aka tace sosai shi ya fi yin haka, don ba shi da ƙurar da ƙanƙara za ta kama, kamar yadda amsa ta 4 ta bayyana. Sai dai kada a mayar da wannan ma'aunin tsabta. Sanyi ba ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kuma ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana ɗauke da cutarta har cikin kofin mai sha.

3. Ashe ba a digiri sifili ruwa ke daskarewa ba?

Abin da ke tabbace a digiri sifili shi ne narkewar ƙanƙara. Ita ba ta jinkiri: da zafi ya haura sifili za ta fara zama ruwa. Daskarewa kuwa tana buƙatar sharaɗi biyu, sanyi da mafari, kuma littattafan makaranta sun fi ambaton na farko.

A cikin ruwa, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suna kai da kawo ne ba tsari. A cikin ƙanƙara kuwa kowace na tsaye a mazauninta, a jere mai kusurwa shida. Ka duba filin idi kafin a tayar da salla: jama'a sun cika, kowa na neman wuri, amma da zarar sahun farko ya miƙe, na baya duk sai su daidaita da shi nan da nan. Wahalar tana wajen kafa sahun farkon nan. A cikin ruwa mai sanyi, ƙwayoyi kaɗan sukan haɗu su jeru, sai motsin sauran ya tarwatsa su kafin su yi ƙarfi. Sai tarin ya kai wani girma kafin ya tsaya da ƙafarsa ya ci gaba da girma. Iya ƙaruwar sanyi, iya raguwar girman da ake buƙata, shi ya sa gorar da ta kai digiri 8 ƙasa da sifili ta fi saurin kamawa a kan wadda ke digiri 2.

4. Me ke zama mafarin ƙanƙara?

Mafi ƙarfi ita ce ƙanƙarar kanta. Ɗan ɓarɓashi daga bangon firiza idan ya taɓa ruwan, magana ta ƙare. Bayanta sai ƙura, tsatsa, karce a jikin mazubi, da kumfar iska. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan rijiya a tsohon kwanon ƙarfe yakan daskare kusa da sifili ba gardama, amma ruwan gora sabuwa mai santsin ciki yakan yi taurin kai.

Har halittu masu rai na wannan aiki. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zama a ganyen tsirrai, mai suna Pseudomonas syringae, wadda ke sa ruwa daskarewa tun yana wajen digiri 2 ƙasa da sifili. A ƙasashen sanyi tana ƙara wa amfanin gona lahani a daren da sanyi ya sauko, kuma ana amfani da ita wajen yin dusar ƙanƙara ta inji a wuraren wasan zamiya.

5. Zuwa wane sanyi ruwa zai iya jurewa?

A firizar gida da wuya gora ta wuce digiri 10 ko 12 ƙasa da sifili ba ta kama ba, domin ruwa mai yawa ba ya rasa ɗan abin da zai zama mafari. Ƙananan ɗigo su ne gwanaye: cikin gajimare sukan kai wajen digiri 38 zuwa 40 ƙasa da sifili suna ruwa (duba amsa ta 11). Daga nan ruwa ba ya jiran kowa, da kansa yake kafa ƙwayar farko. A 2011 Emily Moore da Valeria Molinero na Jami'ar Utah a Amurka sun yi lissafi da kwamfuta, suka sami iyakar ƙarshe a wajen digiri 48 ƙasa da sifili.

6. Me ya sa ƙanƙarar da ta fito haka take da laushi, kuma take saurin narkewa?

Domin kaɗan ne daga ruwan ya daskare. Ruwa idan zai zama ƙanƙara sai ya fitar da zafi mai yawa, kalori 80 a kowane giram, daidai da zafin da zai ɗaga shi daga sifili zuwa digiri 80. To a gorar da ke hannunka ina wannan zafi zai tafi? Cikin sauran ruwan yake shiga ya ɗumama shi. Da gorar ta koma digiri sifili, daskarewar sai ta tsaya.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowane digiri ɗaya ƙasa da sifili na iya daskarar da kashi ɗaya cikin 80 na ruwan. Gorar da ta kai digiri 8 ƙasa da sifili, kashi ɗaya cikin 10 ne kawai zai zama ƙanƙara. Abin da ke ruɗar ido shi ne siraran zaruruwan ƙanƙara da suka bazu ko'ina suka riƙe ruwan a tsakaninsu. Idan ana son dunƙule mai tauri sai an mayar da gorar firiza na wasu awoyi.

7. Firizata ta kwana tana aiki, da safe ledojin sun yi sanyi ƙalau amma ba su daskare ba. Shi ne wannan abin?

Hajiya, sau da yawa ba shi ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi shafar aljihu. Ki ɗauki leda ɗaya ki buga ta da ƙarfi. Idan fari ya bazu cikinta nan take, ruwan ya wuce sifili ne yana jiran mafari. Idan ba abin da ya canza, to firizar ce ba ta gama aikinta ba.

Ki koma kan kalori 80 na amsa ta 6. A watan Afrilu a Garwa ruwan famfo kan kai digiri 30 ko fiye. Sauko da shi zuwa sifili na cin kalori 30 a kowane giram, daskarar da shi kuma na cin wasu 80. Wato lokacin da kika taɓa leda kika ji sanyi har cikin ƙashi, firizar ba ta ma yi kashi ɗaya cikin uku na aikin ba. Sauran awoyin duk ruwan na tsaye ne a sifili yana sakin zafi a hankali. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan, ko ƙarfinta ya ragu, ko janareta ya tsaya, asuba za ta same ki da ruwan sanyi kawai.

Sauran abubuwan da ke jawo wannan sun haɗa da cika firiza maƙil har iska ba ta zagayawa, robar murfi da ta saki, ƙanƙara mai kauri da ta lulluɓe bango, da jingina firizar da bangon da rana ke duka. A ganina, kafin a kira mai gyara a ce gas ya ƙare, gara a rage kayan zuwa rabi a gwada dare ɗaya. Firiza mai lafiya takan kai digiri 18 ƙasa da sifili.

8. Yaya mai sana'a zai sa ƙanƙararsa ta kama da wuri?

A rage wa firiza aiki tun daga waje. Ruwan da ya wuni a randa ya fi na jarkar da ta wuni a rana sanyi da digiri masu yawa, kuma kowane digiri riba ne. A bar tazara tsakanin ledoji, a sa sababbi kusa da bango, kada a tara su a kan waɗanda suka riga suka daskare. Bayan wasu awoyi a buɗe sau ɗaya a motsa su, domin duk ledar da ta wuce sifili ta kama, maimakon ta ci gaba da zama ruwa.

Kada a cika mazubi har baki. Ruwa na ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, abin da ke fasa leda da kwalba ke nan. Kwalbar gilashi ta lemo kada ta kwana a firiza sam.

9. Me ya sa zoɓo da kunun aya da lemon kwalba suka fi ruwa jinkirin daskarewa?

Wannan wani dalili ne daban da na amsa ta 3. Duk abin da ya narke cikin ruwa yana shiga tsakanin ƙwayoyinsa ya hana su jeruwa, sai iyakar daskarewar da kanta ta sauka. Sukari kashi 10 cikin 100 na sauke ta da kusan rabin digiri, kashi 20 kuma da wajen digiri ɗaya da rabi. Abin bai tsaya nan ba. Ruwan zalla ne ke fara daskarewa, ya bar sukarin cikin ragowar, ragowar ta ƙara kauri, iyakarta ta ƙara sauka. Shi ya sa yaro ke tsotse zaƙin daskararren zoɓo ya bar farar ƙanƙara marar ɗanɗano.

Lemo mai gas ya haɗa dalilan biyu. Sukari da gas ɗin da ke cikinsa sun sauke iyakarsa, sannan buɗe murfi na tayar da kumfa mai yawa a lokaci guda. Don haka yake yawan daskarewa a hannu.

10. Gishiri fa? Na ga masu yin ƙanƙarar bulo suna zuba shi a tanki.

Gishiri ya fi sukari ƙarfi nesa ba kusa ba. Ruwan teku, mai gishiri wajen giram 35 a lita, yana daskarewa a kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Idan gishirin ya kai kashi 23 cikin 100, ruwan na jurewa har digiri 21 ƙasa da sifili, kuma ƙarin gishiri ba ya wuce da shi nan.

Masu yin bulon ƙanƙara, irin wanda dillalan kifi na Lagdo da Maga da tafkin Chadi ke buƙata, suna cin moriyar wannan. Sukan sanyaya ruwan gishiri a babban tanki zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili, su tsoma gwangwanayen ruwan daɗi a ciki. Ruwan gishirin bai daskare ba, yana zagayawa, kuma ruwa ya fi iska saurin janye zafi sau da yawa. Gishirin ba ya shiga bulon.

Ruwan lagireto mai launi da ake zuba wa mota ma haka yake aiki: idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa yakan jure wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Amma guba ne mai kisa, ga shi da ɗan zaƙi. A nisanta shi da yara da dabbobi, kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukarsa.

11. A ƙasarmu mai zafi, ina irin wannan ruwa yake in ban da firiza?

Yana bisa kanmu duk damina. Iska na raguwa da wajen digiri 6 da rabi a kowace kilomita da aka hau, don haka a yankinmu sifili na wajen kilomita 5 a sama. Hadarin Yuli da Agusta kuwa kansa kan kai kilomita 15. Tsakiyarsa cike take da ɗigon ruwa masu sanyin da ya wuce sifili, suna shawagi ba su daskare ba.

Daga nan ƙanƙarar sama ke fitowa, wadda ke faɗowa ta yayyaga ganyen auduga da dawa. Ƙwaya ɗaya ce ke fara daskarewa, iska mai ƙarfi ta riƙe ta a sama, duk ɗigon da ya yi karo da ita ya manne ya daskare nan take, har ta yi nauyin da iska ba ta iya ɗauka. Gogayyar waɗannan ƙwayoyi da ƙananan ɓarɓashin ƙanƙara a cikin hadari ita ke tara wutar walƙiya. Jiragen sama ma na shan wahalar ɗigon nan, don suna daskarewa a fukafuki, shi ya sa ake ɗumama gaban fukafukin.

Ƙurar Sahara na cikin manyan abubuwan da ke zama mafarin ƙanƙara a gajimare, kuma kwarin Bodele da ke arewa maso gabas da tafkin Chadi na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ƙurar da ke rufe mana sama a hunturu tana tafiya har ta tsallake tekun Atlantika.

12. Shi ne abin da ake yi idan an ce jirgi ya harbi hadari don a yi ruwa?

Shi ne tushensa. A 1946 a Amurka, Vincent Schaefer ya gano cewa daskararren gas na kabon na mayar da irin waɗannan ɗigo ƙanƙara, abokin aikinsa Bernard Vonnegut kuma ya gano cewa wani sinadarin azurfa da aidin na yin haka, don tsarinsa ya yi kama da na ƙanƙara. Burkina Faso ta fara shirinta mai suna Saaga a 1998. Amma a fahimta: dabarar ba ta ƙirƙirar hadari, sai wanda ya riga ya haɗu take taɓawa, kuma masana na ci gaba da saɓani kan yawan ruwan da take ƙarawa.

13. Sanyin hunturu kan sa haƙora kaɗawa, me ya sa ruwan randa ba ya daskarewa?

Don bai ko kusanci sifili ba. A Injamena, daren Janairu yakan sauka wajen digiri 14. Busasshiyar iska ce ke kwashe danshin fata, jiki ya ji kamar sanyin ya fi haka. Wurin da ruwa ke daskarewa da gaske a Chadi shi ne tsaunukan Tibesti, inda Emi Kusi ya kai mita 3,415, mafi tsawo a duk Sahara. A can dare kan sauka ƙasa da sifili a lokacin sanyi. Ko a can, ɗan ruwa marar zurfi ne ke kamawa, domin tulu cike ba ya iya sakin duk zafin da amsa ta 6 ta ambata kafin rana ta fito.

14. A ƙasashen ƙanƙara, yaya kifi ke rayuwa idan tafki ya daskare?

Saman tafkin ne kawai ke daskarewa. Ruwan daɗi ya fi nauyi a digiri 4, sai ya nutse ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya sama ya zama ƙanƙara. Ƙanƙarar na yawo a sama don ta fi ruwa sauƙin nauyi, kuma tana kare na ƙasa daga sanyin iska. Kifi na can ƙasa cikin ruwan digiri 4.

A tekun Antaktika ruwan na kusan digiri 2 ƙasa da sifili, sanyin da ya isa ya daskarar da jinin kifi. A ƙarshen shekarun 1960 Arthur DeVries ya gano cewa kifayen can na da wani furotin a jininsu da ke manne wa duk ƙwayar ƙanƙarar da ta fara fitowa ya hana ta girma. A nahiyar Antaktika kuma akwai tafkin Vostok, ruwa ne tsararo a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 4. Zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa da nauyin ƙanƙarar ne suka riƙe shi, domin matsi ma na sauke iyakar daskarewa.

15. Gaskiya ne ruwan zafi ya fi na sanyi saurin daskarewa?

Maganar ta shahara ne ta hanyar Erasto Mpemba, ɗalibi a Tanzaniya, wanda ya lura da haka a 1963 yana haɗa askirim a makaranta, daga baya ya wallafa tare da Denis Osborne a 1969. Wasu gwaje-gwaje sun nuna haka, wasu da aka yi da taka-tsantsan ba su nuna ba. Ɗaya daga bayanan da ake bayarwa shi ne abin da ke amsa ta 4: mazubi biyu na iya bambanta wajen samun mafari, ɗaya ya kama da wuri, ɗaya ya yi ta jira. Ga mai sana'a shawara ɗaya ce, kada a sa ruwan zafi a firiza. Zai ci wuta, ya kuma narkar da abin da ke kusa da shi.

16. Ina son in nuna wa ɗalibaina. Yaya zan yi?

Ka sami gorunan roba na ruwan da aka tace, rabin lita, waɗanda ba a buɗe ba. Ka kwantar da uku ko huɗu a firiza, kada su taɓa ƙanƙarar bango, kada kuma a riƙa buɗewa. Ka fara dubawa bayan awa biyu. Idan ɗaya ta daskare da kanta, sauran sun kai. Ka ɗauko ɗaya a hankali ka buga gindinta a tebur, ko ka tsiyaya ruwan a kan ɗan guntun ƙanƙara a faranti, zai riƙa taruwa yana hawa sama. In akwai ma'aunin zafi, ka tsoma shi bayan ta kama, yara su ga ya nuna sifili.

17. Ina aiki a ɗakin shan magani. Wannan ya shafi allurar rigakafi da insulin?

Ya shafe su ƙwarai. Ƙa'idar ajiyar yawancin alluran rigakafi ita ce digiri 2 zuwa 8, kuma a ƙasa mai zafi hankalinmu ya fi karkata ga tsoron zafi, alhali daskarewa na lalata wasu har abada, kamar penta mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, ta tetanus, da ta ciwon hanta nau'in B. Ganin kwalba da ruwa a ciki ba hujja ba ce: tana iya daskarewa da dare ta narke kafin safiya, tana kuma iya sauka ƙasa da sifili ba ta kama ba, sai girgizar babur a hanyar ƙauye ta kamar da ita.

Saboda haka ake cewa kada a ɗauko robar ƙanƙara daga firiza a sa ta kai tsaye cikin akwatin allura. Tana fitowa ne da sanyin wajen digiri 18 ƙasa da sifili. A ajiye ta a waje har ta fara narkewa, a girgiza a ji ruwa na motsi a ciki, alamar ta hau sifili ke nan. Idan ana zargin wata kwalba ta daskare, akwai gwajin girgizawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, inda ake kwatanta ta da wata irinta da aka daskarar da gangan, a sanar da jami'in da ke kula da rigakafi na gunduma kafin a yi amfani da ita. Insulin da ya taɓa daskarewa ba a amfani da shi ko ya narke, don haka mai ciwon sukari ya ajiye nasa a tsakiyar firiji, nesa da bangon baya da kuma sashen ƙanƙara.